Gaban Motar Babanki Yana Cin Mutum Uku

Kaura Namoda,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi miki fatan lafiya, duk da na san lafiyarki ƙalau, tunda da safen nan na ga kin cinye ƙosan da na ajiye wa kaina. Allah ya kiyaye ki a hanyar da za ki kama ranar Asabar, ya kai ki Sakkwato lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya ba ki abin da za ki je nema.

Za ki yi mamakin samun wasiƙa daga matar da bango ɗaya ne tsakanin ɗakinki da nata. Dalilin ba shi da wuya. In na zaunar da ke zan yi magana, sai ki tsura wa farcenki ido kina cewa "to, Mama, to, Mama." Ni kuwa na daɗe ina koyarwa, na san fuskar ɗalibar da ta bar jikinta a aji ta tafi yawo. Shi ya sa na zauna a ɗakin malamai na ɗauki biro, 'yan aji uku suna can suna zana mini hanjin zomo.

Ranar Litinin muna tsince shinkafa kika ce mini, ba tare da kin ɗago kai ba, "Mama, ai yanzu da Shari'a an ware wa mata motocinsu. Ba sai Baba ya wahala ba. Ki gaya masa zan bi motar mata zuwa Gusau, daga can in wuce."

Na yi farin ciki da wannan tsoron Allah da ya sauko miki farat ɗaya. Sai dai na yi tunani, na kuma tambayi malamin addini na makarantarmu, ban sami inda aka hana uba ya ɗauki 'yarsa a mota ba. Ya ce ma babu wanda ya fi shi cancanta. Saboda haka mu ajiye fiƙihu a gefe, mu faɗi gaskiya. Abin da ke damunki gingimarin babanki ce mai bodin katako, wadda ta sha jigilar albasa da shanu daga kasuwar Shinkafi har warin ya zauna mata. Abin da ke damunki zakin nan ne da aka zana a bayanta, wanda duk Kaura an yarda ya fi kama da tunkiya mai ciwon haƙori. Sai kuma jan rubutun da babanki ya sa aka yi a saman gilashi tun ranar da takardar ɗaukarki ta iso: UBAN LIKITA. Ke kuwa ko ƙofar aji ba ki taka ba. Kina hango kanki kina saukowa daga wannan abu a ƙofar jami'a, 'yan matan birni suna kallo, shi kuma yana danna oda don kowa ya shaida.

Ba zan yi miki faɗa ba. Ba ni da bakin yi. Zan dai ba ki labarin wata wauta da na tafka, wadda ban taɓa gaya miki ba.

Ranar da zan tafi jami'a a Zariya, jirgin ƙasa na hau daga tashar nan tamu ta Kaura. Inna, kakarki da kika ci sunanta, ta ce sai ta rako ni tun daga garinmu Dauran. Wani saurayin direba ne ya kawo mu a wata tsohuwar a-kori-kura, ni da ita da akwatina na ƙarfe. Kin san sana'ar Inna. Tun ba a haife ni ba take daddawa, kuma mai daddawa ko ta yi wanka sau uku sai an san ta shigo. Ta ɗauro zanenta mafi kyau, ta rungumo wata 'yar ƙwarya da ta cika mini da daddawa ta ɗaure da tsumma, wai kada miyar baƙon wuri ta hana ni karatu.

Muna isa na hango 'yan mata biyu da muka yi sakandare tare, 'ya'yan ma'aikata, da takalma masu tsini. Sai na juya na ce, "Inna, cunkoso ya yi yawa a ciki, za a ture ki. Ki tsaya nan bayan buhunan gyaɗa."

Babu wani cunkoso, Ummi. Mutanen da ke tashar ba su kai na gidan suna ba. Inna ta dubi tashar, ta dube ni, ta dubi 'yan matan. Ta ce, "Awo, gaskiyarki, akwai cunkoso. Tahi, Allah shi kiyaye." Ta miƙo mini ƙwaryar. Na karɓa da 'yan yatsu biyu, na tura ta ƙarƙashin kujerar jirgi, kuma a nan na bar ta da muka sauka. Ina fata wanda ya tsince ta ya sha miya mai daɗi, don ni wata uku na yi ina cin wata aba mai ruwa-ruwa ina tuna ta.

Inna ba ta taɓa tayar da zancen ba. Ba ta yi fushi ba, ba ta rage mini komai ba. Abu ɗaya kawai ya canza: ba ta sake rako ni ko'ina ba. Ranar da aka kai ni gidan babanki, a bakin zaure ta tsaya. Ranar da zan tafi Makka na roƙe ta ta zo ko Gusau ne, ta yi dariya ta ce, "Ke dai tahi, ɗiyata, can akwai cunkoso." Da dariya ta faɗa, ni ma na yi dariya, na shiga mota na yi kuka har Kasuwar Daji.

Abin da nake so ki gane ke nan. Iyaye suna yafewa, da wuri ma. Amma wanda ka nuna wa kana jin kunyarsa, yakan koyi tsayawa daga nesa don ya sauƙaƙa maka, kuma in ya koya ba ya mantawa. 'Yan matan nan biyu, wallahi yau sunan ɗaya kawai nake iya tunawa. Saboda su na sayar da rakiyar uwata ta shekara ashirin da wani abu.

Da ma a nan wautar ta tsaya. Hutun farko na dawo Dauran da ilimi fal ciki. An nuna mana ƙwayoyin cuta a madubin ɗakin gwaji, sai na ga duniya duk datti ce, kuma ni aka aiko in wanke ta. Idona ya faɗa kan masakan Inna, manyan ƙoren nan da take zuba dafaffiyar kalwa a ciki ta rufe da ganye da tsumma har ta nuna. Sun yi baƙi ƙirin, wasu tun na kakarta ne, ɗauraye su kawai take yi da ruwa ta kife. Na jira ta tafi gaisuwar rasuwa Zurmi. Na ɗebo sabulu da soson ƙarfe da maganin nan mai wari da ake wanke asibiti da shi, na zauna na dirje su ɗaya bayan ɗaya har suka yi fari. Na jera su a rana ina jiran yabo.

Ta dawo ta tsaya a kansu ta daɗe. Sannan ta ce, "Wa ya mutu, anka wanke mai kaya haka?"

Na yi mata bayani da Turanci rabi da Hausa rabi. Ta saurara har na gama. Ba ta yi gardama ba, ta dafa kalwarta yadda ta saba, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, ta zuba a fararen masakaina ta rufe. Kwana uku aka buɗe. Kalwa tana nan yadda aka zuba ta, ba ta yi yauƙi ba, ba ta yi ƙamshi ba, sai wani tsami da warin asibiti. Ko awaki sun shinshina sun wuce. A makon nan Inna ba ta ci kasuwa ba, matan da ke jiran daddawarta suka yi ta aike. Sai da ta je gidan ƙanwarta ta aro tsohon masaki guda, baƙi kamar gindin tukunya, da shi ta sake tayar da sauran.

Ga inda abin dariyar yake. Ina komawa makaranta, darasin farko da aka yi mana shi ne yadda waɗansu ƙwayoyin halitta ke gyara abinci, su ne ke mai da madara nono, su ne ke mai da kalwa daddawa, kuma sukan zauna a jikin tsohon mazubi suna jiran aiki. Na zauna a layin gaba ina rubutawa da kyakkyawan rubutuna. Abin da Inna ta sani da hannunta tun tana yarinya, sai da wani mai digiri uku ya faɗa da Turanci sannan na yarda.

To, za ki zauna ɗaki ɗaya da 'yan matan da ba ki taɓa ganin irinsu ba. Wata za ta ci abin da ba ki ci, wata za ta yi addu'arta ba irin taki ba, wata za ta yi barci da fitila, wata za ta yi magana kamar ana faɗa alhali gaisuwa take yi. Hannunki zai yi ƙaiƙayi, don jinina ne a jikinki. Kafin ki ɗauko soso, ki tambaya. Sau da yawa abin da kike gani datti a jikin mutum, shi ne abin da ke riƙe da shi. Ban ce ki zauna da mai cutar da ke ba, ko ki yi shiru a kan ƙarya da sata. Wannan daban. Amma yawancin abin da ke ba mu haushi a jikin mutane ba laifi ba ne, rashin kama da mu ne kawai.

Kaina ma ban bar shi ba. Kin san tsagar da ke kumatuna, wadda wanzami ya yi mini ina 'yar kwana bakwai ba tare da ya nemi shawarata ba. A Dauran ban san ina da ita ba, kowa yana da tasa. A Zariya wata ta tambaye ni, da zuciya ɗaya kuwa, ko kyanwa ce ta yakushe ni. Tun daga ranar na shiga sayen hoda. Ina cike tsagar nan da ita layi-layi kowace safiya, kamar mai liƙe tsagewar bango kafin damina.

Wani hutu na sauka daga jirgi a nan Kaura da tsakar rana, lokacin bazara, zufa ta gama aikinta a fuskata. Direban nan na a-kori-kura ne Inna ta aiko ya ɗauke ni. Ya wuce ni sau biyu yana leƙen fuskokin mutane. A na uku ya tsaya, ya ƙura mini ido, ya ce, "Subhanallahi! Malama, ke ce? Wa ya yi miki wanga yaɓe? Ki koma ki ce mai, ruwa ya ci ginin."

Na ce ba na son rashin kunya.

Ya ce, "Ba rashin kunya ba ne. Ni da zanen nan nika gane ki ko cikin mutum dubu. Yau kin rufe shi, saura kaɗan in koma in ce ma Inna ba ki zo ba."

Na ɗaure masa fuska har Dauran. Amma da na shiga gida na wanke fuska na dubi madubi, sai na ga matar da ke ciki ta fi wadda na yini ina ginawa kama da mutum. Direban nan mai bakin tsiya, kin dai gane ko wane ne. Shekara biyu bayan haka ya aiko da magabatansa. Ƙawayena na jami'a suka ce na haukace, mai digiri da direba. Wasu cikinsu sun auri manyan mutane, kuma ina yi musu murna, sai dai na lura in mun haɗu ni ce nake yawan dariya.

Na kawo wannan ne saboda na ga kin fara rufe baki da gefen hijabi in za ki yi dariya. Na san dalili. Dariyar babanki kika ɗauko, irin wadda ake ji daga bakin titi, ga wushiryar nan tasa. Kin kuma fara tauna harshe in kin haɗu da 'yan Kano, kina gyara maganarki har ta rasa gishiri. Ki koyi kowace irin magana, wannan ilimi ne. Amma kada ki yi wa kanki yaɓe, Ummi. Aiki ne mai cin lokaci, kullum sai an sake, kuma zufa ɗaya ke rushe shi. Mutanen da za su so ki da gaske, da wannan dariyar za su gane ki a cikin taro.

Kada ki ɗauka daga nan na yi hankali. Lokacin da aka ba mu jiha, shekara huɗu ke nan, kin tuna yadda kowa ya ɗinka sabuwar riga ya nufi Gusau neman kujera. Mijin kowace malama a makarantarmu ya zama wani abu a wani ofis. Sai tsohuwar cutata ta motsa. Na bi ta hannun wani da muka yi karatu tare, na samo wa babanki aikin tuƙa wani babban ma'aikaci, ƙaramar mota mai sanyi, da farar riga mai maɓallai. Na ce masa don mutuncinsa ne. Ƙarya nake yi, don nawa ne.

Ya karɓa, saboda ni. Mako uku ya yi. Mutumin da in ya dawo daga Shinkafi sai ya ba mu labarin kowane sa da ya ɗauko da halinsa, ya koma yana shigowa da sallama ƙasa-ƙasa, ya ci tuwo loma biyar ya wanke hannu. Wata Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, na leƙa waje na same shi zaune cikin gingimarin da ke ajiye, da farar rigarsa, ya riƙe sitiyari, injin a kashe. Na ce me yake yi. Ya ce, "Ba komi. Gaishe ta nika yi."

Na koma ciki na ɗauko makullin motar da na ɓoye a cikin kwallar atamfofina na miƙa masa ta taga. Ya karɓa. Ya tayar da ita, ya danna odar nan da ta firgita kajin unguwa gaba ɗaya, ya fita da farar rigar a jikinsa. Da yamma ya dawo, rigar ta yi kalar albasa, yana ba ni labarin wani bajimi da ya ƙi hawa mota sai da aka yi masa kirari. Ranar na gane na kusa kashe abin da na aura da hannuna, don in sami abin faɗa a ɗakin malamai.

Yanzu ga inda muke. Saƙonki na Litinin ban isar ba, kuma ba zan isar ba. Amma babanki ba yaro ba ne. Jiya ya kai motar rafi ya wanke ta da kansa, ciki da waje, ya shimfiɗa sabuwar darduma a kujerar gaba, ya fasa lodin gobe don kada warin shanu ya dawo. Da ya dawo da motar kina tsaye a ƙofar gida, ya leƙo yana washe baki ya ce ki zo ki gani. Kika dubi rubutun, kika ce "ta yi kyau, Baba," kika shige ciki.

Bayan la'asar ya same ni ina shanya, riƙe da ƙaramin gwangwanin fenti shuɗi, kalar motar. Ya ce, "Malama, gobe zan shafe rubutun nan. Kuma in mun isa Sakkwato, can nesa da ƙofa zan tsaya, ta hau tasi ta ƙarasa."

Na ce wa ya ce masa haka.

Ya ce, "Ba wanda ya ce. Na san wanga kallo. Na taɓa ganinai a tashar jirgi." Sai ya yi dariya, ya ƙara da cewa, "Ni na mai da Inna gida rannan, kin manta? Har Dauran ba ta yi magana ba, sai dai ta ce in tuƙa a hankali."

Shekara ashirin da wani abu muna tare, bai taɓa gaya mini ya lura ba sai jiya. Ka ji mutum.

Na karɓe gwangwanin na ce zan ajiye masa. Yana ƙarƙashin gadona, bayan akwatin ƙarfen nan da na je Zariya da shi. In kina so a shafe rubutun, ki shiga ki ɗauko ki miƙa masa da hannunki. Zai karɓa, zai shafe, zai yi miki addu'a, ba zai rage miki komai ba. Ranar da za ki gama karatu kuma, za ki neme shi a cikin taro ki hango shi can bakin titi, yana cewa ciki akwai cunkoso. Na gaya miki farashin tun yanzu, don ni ba wanda ya gaya mini.

In kuwa kin bar gwangwanin a inda yake, ga abin da zai faru, ba zan ɓoye miki ba. Zai danna oda a ƙofar jami'a. Zai gaya wa masu gadi sunanki da abin da za ki karanta. Wasu 'yan mata za su yi dariya. Ki duba cikinsu da kyau, akwai wadda za ta yi dariyar tana matsowa don ta ga zakin sosai. Wannan ki riƙe ta, ƙawa ce. Sauran kuwa kafin sati biyu sun manta, kowace tana can tana fama da nata abin da take ɓoyewa.

Wani abu kuma. Inna ta aiko miki da daddawa daga Dauran, a 'yar ƙwarya, an ɗaure da tsumma. Da mai kawowa zai koma na ba shi saƙo, na ce ya gaya mata gaban motar yana cin mutum uku, ni zan haƙura in zauna gida in tana so ta raka takwararta. Ban sa rai ba. Ɗazu amsa ta iso. Ta ce a tambayo mata ko Sakkwato akwai cunkoso. In babu, tana nan tafe ranar Juma'a da zanenta mai kyau.

Ban ba ta amsa ba tukuna. Ke za ki gaya mini abin da zan ce mata.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare gabanki da bayanki, ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin son burge mutane. Ya sa rubutun nan na babanki ya zama gaskiya, ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya da dariyarki yadda take.

Wassalam.

Mamanki.